Shekarar da Mahauci Ya Bar Nama

Gwaggonku Habsu ta ce ni na kashe ubanku da wake. Ta faɗa ranar sadakar uku a tsakar gidana, mata cike, ta sake faɗa ranar arba'in, ta koma Tasawa ta ci gaba da faɗa har ƙasa ta rufe mata ido. Kuna nan kun ji, kuma ba wanda ya buɗe baki a cikinku. Ban ce kun yarda ba. Amma kai Sani, tun shekarar ba ka ƙara sa hannu a kwanon da na zuba adas, waken Larabawan nan, ba. In ka zo gaisuwa ka tarar da shi sai ka ce ka ƙoshi, kuma ni na haife ka, na san fuskarka in kana jin yunwa. Ban ɗauki bik don in roƙi kowa ba. Na rubuta ne don abin da Habsu ta faɗa ƙarya ne, abin da ni na ɓoye kuma gaskiya ne, kuma ba na so a rufe ni da shi a baki.

Ubanku barunde ne ɗan barunde, mahauci na gado. Daga Tasawa ya zo Agadas yana saurayi, da wuƙa biyu da sunan ubansa, ya yi shekaru yana yi wa wasu fiɗa kafin ya samu teburinsa a kasuwa. Ni ɗiyar manoma ce, a gidanmu nama sai Salla ko in akuya ta karye, shi ya sa da aka kawo ni gidan rundawa na ɗauka wata duniya aka kawo ni. Miya ba ta kwana biyu ba ɓargo. Kai da ƙafa ranar Juma'a, kayan ciki kullum, kitse kuwa har maƙwabta sun gaji da karɓa. Kyanwar gidanmu ta fi ta kowa ƙiba a Sabon Gari. A gidan rundawa nama shi ne shaidar cewa mai gida yana tsaye da ƙafarsa. In ƙanshin suya ya daina fitowa daga wani gida, ba a tambaya, an san wani abu ya karye a ciki.

Shekarar da masu haƙar zinariya suka cika gari, kowace mota mai shiga daji tana son kilishi buhu-buhu, ubanku bai ƙara zama ba. A cikin wannan hidimar ƙafafunsa suka fara kumburi. Takalminsa ya ƙi shi. In ya ɗaga cinyar saniya sai ya tsaya yana haki kamar wanda ya zo da ƙafa daga Adarbisinat. Ya ce gajiya ce, na ce ba gajiya ba ce, muka yi sati biyu a kan haka, har ranar da ya zauna a bakin tebur ya kasa tashi. Ƙanensa, Baba Salenku, ya ɗora shi a moto ya kai shi likita. Ba a tafi da ni ba. Ba wanda ya ce in zo, ni ma ban ce zan je ba, ina gida ina tuƙa tuwo. Suka dawo bayan azahar da leda cike da magani da takarda guda.

Na tare Sale a zaure, na ce, "Me suka ce?"

"Tansiyo ne, hawan jini, har ya taɓa zuciya. An hana shi nama, an hana shi gishiri."

"Shi ke nan?"

"Da wannan dunƙulen naku na miya. Likitan da Faransanci yake ta zuba, abin da na kama ke nan, saura yana cikin takarda." Sai ya yi dariya irin tasa. "Matarmu, daga yau sai ki riƙa yi mishi yankan ciyawa."

Ubanku bai yi dariya ba. Ya karɓi takardar ya ninka ta huɗu.

"Maganar nan ta mutu a ɗakin nan," ya ce. "Barunden da ba ya cin nama, wa zai saya a hannunsa? Gobe a ce namansa ne ya sa mishi ciwo."

Ya sa ta a ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin rigunansa na Salla. A lokacin ba mai karanta Faransanci a gidan. Yayarku da ta yi lakkwal, karatun boko, tana ɗakin mijinta a Damagaram, Sani ya bar aji tun yana ƙarami ya kama wuƙa, ku biyun na ƙarshe kuna aji biyu da aji uku. Amma tsakanin ƙofarmu da gidan mai karatu taku hamsin ne, na ƙirga daga baya. Ban je ba. Zan iya cewa mijina ne ya hana, kuma ya hana ɗin. Sai dai kun san ni, ba a taɓa hana ni abin da na yi niyya na hanu ba. Gaskiyar ita ce ina jin nauyin in tsaya gaban wata in ce karanta mini, kuma na ɗauka na riga na ji duka. Nama, gishiri, dunƙule. Abu uku, ko jaki zai riƙe.

Ranar na yanke abin da ya tayar da gidan. Na ce tunda ba zai ci ba, ba wanda zai ci a gabansa. Ba za a soya nama a murhuna yana kwance yana shaƙar ƙanshi ba. Ku ƙanana kun yi kuka, Sani ya koma ci a tukubar abokansa, ubanku kuma ya riƙa rabar da kasonsa a hanya yana shigowa hannu wofi. Na fara da abin da na sani, wake da shinkafa, ɗan wake, dambun zogale, fate. Sati biyu yana ture kwano. Abinci ba gishiri ba nama, ga mutumin da harshensa ya tashi cikin tsire. Yana ramewa a fuska yana kumbura a ƙafa, ni ina tsaye da ludayi ban san abin yi ba.

Gaisha ce ta kawo mafita. Kun tuna ta, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, mutuniyar Abzin da ta yi shekaru a Tamanrasat da mijinta direban kamyo, babbar motar kaya. Ita ba sai an gaya mata ba, hancinta ya gaya mata. Ta shigo da hantsi da kwanoni biyu ƙarƙashin lulluɓinta. Ɗaya ƙwaya ce ƙanana, faffaɗa, ruwan ƙasa. Ɗayan manya ne, dunƙule-dunƙule, launin yashi, da tauri kamar tsakuwa. Na sha ganinsu a butik ɗin Larabawa tsakanin makaroni da dabino, cikin kayan da kamyo ke saukowa da su daga Aljeriya, ban taɓa tambaya ba.

"Mariyama, a Tam da mai kuɗi da talaka duk wannan suke ci, kuma yana riƙe ciki kamar nama," ta ce. "Ƙananan nan adas ne, ba ya son wahala, kafin ki gama da albasa ya nuna. Manyan nan hummus ne, shi sarki ne, sai an yi mishi haƙuri. Ki jiƙa shi yau, ki dafa gobe. Ruwa zalla."

"Ba kanwa?"

"Ba kanwa."

"Gaisha, a garinmu ko jinjiri ya san wake da kanwa ake dafa shi."

"Wannan ba waken garinku ba ne."

Ban jiƙa ba. Na ce wane irin wake ne zai sa in jira shi kwana guda kamar baƙon sarki. Na wanke na ɗora tun hantsi. Azahar ta yi yana nan yana ƙara a tukunya kamar an zuba duwatsu. La'asar ta kawo kai, gawayi ya kusa ƙarewa, na ɗebo ɗaya na tauna, haƙorina ya yi ƙara. Sai na miƙa hannu cikin ƴar ƙwaryar da uwata ta ba ni, na ɓallo kanwa kamar kan yatsa na jefa. Tukunya ta yi kumfa ta taso, kafin a kira salla ya yi laushi har yana narkewa a yatsa. Na ji kamar na ci Larabawa da mutanen Abzin da yaƙi gaba ɗaya. Na leƙa ta katanga na nuna mata. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce ya nuna amma na kashe mishi ɗanɗano. Na ce kishi ne. Daga ranar ban ƙara tunanin jiƙo ba. Daga baya na riƙa cewa ruwa ne ba ya isa, famfo sai ya kwana uku bai kawo ba, bidon ruwa nawa za a ɓata. Ba ruwa ba ne. Taurin kaina ne.

Na soya albasar Tabelot mai yawa a man gyaɗa har ta yi ja, na sa tafarnuwa da busasshen tumatir da na daka da tattasai, da citta da kimba da daddawa, na juye waken a ciki, na matsa lemun tsami a kai. Na kai mishi. Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗaga ta sama yana juya ta, da irin kallon da yake wa dabba a kasuwa kafin ya taya.

"Kumandan," ya ce, don haka yake kirana in muna shiri, "zo ki gani. Wannan ai kan rago ne. Ga hanci, ga goshi, ga inda ƙaho ya lanƙwashe."

Na duba. Wallahi haka yake.

"To raguna nawa kika yanka mini yau?"

"Ɗari uku. Ci ka bar surutu."

"Ko mai unguwa bai taɓa layya da ɗari uku ba."

Ya cinye, ya suɗe yatsa. Ranar na shiga madafa na yi kuka ni kaɗai, na jin daɗi.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗin aurena, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. Magani ya ɗan kama shi, ya rage zuwa kasuwa, ya bar wa Sale da Sani tebur bayan hantsi. Mutumin da ya shekara talatin bai san inda murhuna yake ba, sai ga shi zaune a kan turmi a bakin madafa, da faranti a cinya, yana tsince mini tsakuwa daga cikin adas da waɗannan manyan yatsun nasa masu tabon wuƙa. Yana tsinta yana ba ni labarin kasuwa, wa ya cuci wa, raƙumin wa ya ƙi yankuwa. Na koyi adas da shinkafa da soyayyar albasa a sama. Na koyi adas da kabewa, ya yi kauri a ci da burodi. Na zuba hummus a miyar kuskus da karas da kabeji na lambunan Abzin. Na niƙa shi da albasa da ganye na soya kamar ƙosai, ku ƙanana har faɗa kuke a kai, ko kun manta. Na daka shi da man gyaɗa da lemun tsami ya riƙa dangwala da gurasar da Gaisha ke gasawa. Gishiri ko ƙwaya bai shiga tukunyata ba. Dunƙule na kwashe na ba maƙwabta. Ni kaina na daina cin abin da ba zai ci ba. Amma kanwa kullum tana ciki, don na lura tana ba abinci wani ɗan ɗanɗano da ke rufe rashin gishiri. Ranar da na rage sai ya ce yau abincin ya yi salam. Sai na ƙara. Har a adas, wanda ba ya bukatarta, na riƙa jefawa.

Wake kuma kun san halinsa, yana kumbura ciki. In ya ce cikinsa ya cika da iska, sai in yi abin da uwata ke yi, da kakata, da kowace mace da na sani. In jiƙa kanwa a moɗa, in ta kwanta in tace in ba shi ya sha. Ya yi gyatsa ya ce Allah ya yi mini albarka.

Da zafi ya shigo ƙafafun suka dawo da kumburi, har ya hau gwiwa. In na danna da yatsa sai rami ya zauna. Ni kuwa wa zan zarga? Na ce yana cin nama a kasuwa a ɓoye. Na kama hannunsa na sansana kamar ɓarawo.

"Rantse," na ce.

"Kumandan, ni barunde ne, ko na shekara a cikin rijiya hannuna zai yi ƙarnin nama."

"Rantse dai."

Ya rantse, kuma na san ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Sale ya maida shi likita. Aka tambaye shi ko yana cin gishiri ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Aka ƙara mishi ƙwaya. Ni na ƙara tsanani. Na rage mai, na rage yaji, na tsaya a kansa kamar jandarma. Abu ɗaya ne ban taɓa ba, don ko a mafarki ban ɗauke shi abin tambaya ba.

A haka Babbar Salla ta zo, yayarsa Habsu ta zo da ita daga Tasawa. Layya ibada ce, ban hana ba. Sale ya yanka, don hannun ubanku ya riga ya daina riƙe wuƙa da ƙarfi, yana zaune a kujera yana nuna musu yadda za a ware ragon a jikin itace a jingina shi ga wuta. Hayaƙi ya cika unguwa. Kun san ranar farko kayan ciki ake ci. Na kawo mishi kwanonsa na kullum, na ajiye. Habsu ta buɗe.

"Wannan mene ne?"

"Abincinsa ne, Yaya."

"Tsabar tantabara? Ɗan ubana, barunde jikan barunde, ranar layya yana cin tsabar tantabara?" Ta juya gare shi. "Shi ya sa na gan ka kamar an wanke ka an shanya. Yunwa ce ke cinka, ba wani ciwo."

Ba ta jira amsa ba. Ta yanko hanta ta naɗe da kitse, ta barbaɗa gishiri da yaji, ta gasa da hannunta, ta ɗora mishi farantin a kan gwiwa. A daidai lokacin abokan sana'arsa biyu suka shigo barka da Salla. Na ga hannunsa ya tashi. Na ga idonsa. Ya dube ni kamar yaro.

"Kumandan, yanka ɗaya. Na Salla."

"Ko rabin yanka."

"Tun da na yi haƙori ban taɓa wuce layya ban ɗanɗana hantar ragona ba."

"Bana ka fara."

Na sa hannu na ɗauke farantin daga kan gwiwarsa, a gaban yayarsa, a gaban ƙanensa, a gaban baƙi, a gabanku. Na ce likita ya hana, kuma duk wanda ke son ransa ya bar shi. Abin da ya shekara yana ɓoyewa na fasa shi a tsakar gida. Habsu ta fara tafa hannu tana salati. Ubanku ya sunkuyar da kai, ya ce wa baƙin, "Bismilla, ku ci, ni na riga ku." Sannan ya jawo kwanonsa ya cinye waken duka, a hankali, ƙwaya-ƙwaya, don kada a ce matarsa ta bar shi da yunwa. Bayan la'asar cikinsa ya kumbura. Na jiƙo kanwa na kawo. Habsu na zaune ta ga moɗar.

"Yau kin yi abin kirki guda," ta ce. "Ba shi ta wanke mishi wannan sharar."

A duk zamanmu da ita, wannan kaɗai muka taɓa yarda a kai.

Bai cika wata ba bayan Salla. Ranar da zai tafi, da hantsi, na yi mishi adas mai ruwa-ruwa don ba ya iya tauna. Ya sha cokali uku, ya duba kwanon, ya ce, "Yau ba a yanka mini rago ba?" Na ce gobe. Ana kiran azahar ya cika, kansa a cinyata.

Sauran kun gani. Habsu ta ce ba wani likita da zai hana barunde nama, rowa ce da mugunta, na ga ciniki ya buɗe ina so in tara. Ta ce na wulaƙanta shi ranar Salla har baƙin ciki ya ƙarasa shi. Ina cikin takaba, ba ni da bakin faɗa, na haɗiye. Amma na riƙe a raina cewa akwai takarda, kuma ranar da na fita zan sa a karanta ta a tsakar gida, in sa a kira Habsu a tarho ta ji da kunnenta.

Ranar da na fita takaba na buɗe akwatin don raba rigunansa. Tana nan a ƙasa, ninki huɗu, tana ƙanshin turarensa. Ban ko ci abinci ba na nufi gidan Madam Zara, tsohuwar malamar lakkwal da ke koya wa mata karatu a rumfar ƙofar gidanta. Ita ce mai taku hamsin ɗin. Shekaru ina wucewa ina yi musu dariya, ina cewa dubi tsofaffi da ardwaz, allon ƴan lakkwal, kamar jikokinsu. Na same ta ita kaɗai tana gyaran ganye. Ta yi mini gaisuwa, ta sa tabarau, ta warware takardar.

"Abin da ba zai ci ba," ta ce. "Nama mai kitse, kilishi, kayan ciki."

"Hanta tana ciki?"

"Kayan ciki duka."

"Alhamdu lillahi. Ci gaba, Madam."

"Gishiri. Dunƙulen miya. Kifin gwangwani. Kanwa."

"Me kika ce?"

"Kanwa. Har an ja mata layi biyu. Ga kuma abin da likitan ya ƙara da hannunsa a gefe, ko a abinci ko a sha."

Na ce ta sake dubawa. Ta sa yatsa a kan kalmar ta juyo mini da ita, kamar zan gane. Ƴan baƙaƙe shida ne, kamar sawun tururuwa.

"Me kanwa ta yi?"

"Ƴar'uwar gishiri ce, Mariyama. Tana tara ruwa a jiki. Mai ciwon zuciya ba ya so." Ta ci gaba, ba ta lura da ni ba. "A ƙasa ga abin da zai ci. Ganye, shinkafa, wake, adas. Ai kin yi daidai. Bari in zo da kaina in karanta wa dangin nasa."

Na karɓe takardata. Na ce na gode, ba sai ta zo ba.

Ban san yadda na iso gida ba. Na zauna a kan turmin da yake zama. Ƙwaryar kanwa tana nan a inda take, a kan katanga kusa da murhu, ta yi rabi. Na cika ta sau uku a shekarar. Gaisha ta leƙo ta gan ni, ta zagayo. Na gaya mata, ita kaɗai a duniya. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Wallahi ni ma ban sani ba. Don ɗanɗano kawai na hana ki." Ta riƙe hannuna har aka kira la'asar. Ta mutu ba ta gaya wa kowa ba, Allah ya jiƙan ta.

Yanzu kun san abin da ya sa ban taɓa tanka wa Habsu ba, ni da ba a gaya mini ɗaya ban maida uku ba. Takardar da za ta wanke ni a layi na farko ita ce za ta kama ni a layi na biyu. Na zaɓi a zage ni a kan abin da ban yi ba, da a san abin da na yi. Wannan tsoro ne, ba haƙuri ba, kada wani ya yabe ni a kai. Kuma ku ne kuka biya, don kun tashi kuna kallon uwarku da shakka, kuna ƙyamar abincin da bai yi muku komai ba. Bayan shekaru, da na iya karanta takardar da idona, na kai ta wajen wani likita na tambaye shi kai tsaye. Ya ce zuciyar ta riga ta gaji tun kafin a gano, ba mai iya cewa ga abin da ya kai shi, ajali kuma na Allah ne. Na ce ban zo wa'azi ba, kanwar ta taimake shi ko ta cuce shi? Ya ce ba ta taimake shi ba. Da wannan nake kwana nake tashi. Ba na kukan hantar da na hana shi, don da yau ne ma zan sake ɗauke farantin. Moɗar nake gani, da yadda yake karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka.

Sani, waken bai kashe ubanka ba. Ya so shi. Ya ƙirga raguna a cikinsa yana dariya, a shekarar da ba abin da ke ba shi dariya. In za ka ƙi wani abu, ka ƙi ni, ga ni nan da raina, ka zo ka faɗa mini a ido.

Washegarin ranar da Madam Zara ta karanta mini, na yi sallar asuba na jira gari ya waye. Na auni hummus kwano guda, na wanke, na zuba mishi ruwa zalla na rufe, na gobe. Na ɗauki ƙwaryar uwata na juye kanwar a gaban awakin Gaisha. Na naɗe takardar a haɓar zanena, na taka hamsin ɗin nan. Mata bakwai ne a rumfar, kowace da ardwaz a cinya, kuma duk sun san bakina. Ɗaya ta ce, "Mariyama, dariyar ce kika kawo mana har ciki yau?" Ban kula ta ba. Na ce wa Madam ina son harshen da aka rubuta takardar nan da shi. Ta ce ba a nan ake farawa ba, sai na iya na Hausa tukuna, kuma a shekaruna zai ɗauki lokaci. Na ce ba inda za ni. Na cire takalmi na ce wa mai dariyar ta matsa, na zauna a bakin tabarma, na miƙa hannu a ba ni alli.